Gadar Hartland: Me ya sa aka yi mata rufi?

A lardin New Brunswick na ƙasar Kanada, kogin Saint John ya ratsa ƙaramin garin Hartland, inda gonakin dankalin turawa suka mamaye tuddai. A nan ne gadar katako mai rufi mafi tsawo a duniya take, tsawonta mita 391.

An buɗe ta a 1901, ba rufi, kuma sai mutum ya biya kuɗi kafin ya haye. A 1920 ƙanƙarar kogi ta karya wani sashenta. Wajen gyara ne aka yi mata bango da rufi, aka gama a 1922.

Ba don ado aka yi rufin ba. Ruwan sama da dusar ƙanƙara ne ke ruɓar da katako, musamman a mahaɗar ginshiƙai. Sauya rufi kuwa ya fi sake gada sauƙi nesa ba kusa ba. Dabara ce ta tattalin dukiya, kuma ta ci a yaba mata, tunda har yau ƙananan motoci na bi ta kan gadar, layi ɗaya, wani ya jira wani ya fito.

A 1980 Kanada ta sanya ta cikin wuraren tarihinta na ƙasa.