Tsauni: abin da direba ya kamata ya sani game da taya a lokacin bazara

A watannin Afrilu da Mayu, zafi kan haura digiri 40 a jihar Damagaram. A wannan lokaci ne tayoyin motocin da ke jigilar mutane da buhunan hatsi tsakanin Tsauni da Matamaye suka fi fuskantar haɗarin fashewa.

Babban dalili shi ne ƙarancin iska. Direbobi kan sassauta iskar taya domin su ratsa yashi, sai su hau kwalta ba tare da sun mayar da ita ba. Tayar da ba ta cika ba tana lanƙwasa a gefe, ta yi zafi, ta fashe, balle in an yi wa motar lodi fiye da kima.

Da safe ake auna iska wurin mai faci, kafin taya ta ɗumama. Yawancin ƙananan motoci suna buƙatar bar 2 zuwa 2,5, kuma ana rubuta adadin a jikin ƙofar direba. Idan awo ya hau bayan doguwar tafiya, ba a rage iskar.

Wajen sayen tayar gwanjo, kyan zane ba ya isa. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT suna nuna lokacin da aka ƙera ta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Kamfanin Michelin na ba da shawarar a sauya duk tayar da ta kai shekara 10. Wadda zurfin zanenta ya gaza milimita 1,6, ko gefenta ya tsattsage, arha ce mai tsada.