Kafin Ki Kai Wa Furodusa Labarinki, Bari A Duba Miki

 Hirarmu ta yau a kan labarin fim za ta tsaya, domin shi ya fi yawa cikin abubuwan da 'yan mata ke kawo mini in duba musu. Wata ta rubuto a littafin makaranta, wata a waya, amma maganar ɗaya ce: "Anti, don Allah duba mini, so nake na kai wa furodusa."

Ni kuwa daɗi nake ji, domin hanyar ba baƙuwa ba ce gare mu. Bayan ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a 1990, littattafan da muke karantawa a ɗaka su suka riƙa zama fim. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya zama fim a 1994, Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ya zama fim a 1998, haka ma Ki Yarda Da Ni na Anti Bilkisu Funtuwa an mayar da shi fim. Da tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, sai ga shirye-shirye masu dogon zango irin su Daɗin Kowa da Labarina, ga kuma masu zuba nasu a YouTube duk mako. Kin ga kuwa ana neman labari. Sai dai furodusa ba shi da lokacin gyara miki, in ya karanta shafi biyu bai gane inda aka dosa ba, ajiyewa zai yi. Shi ya sa ya kamata a duba miki tun a gida.

Duk wadda ta kawo mini nata, kafin in buɗe sai in ce, "Ƙanwata, rufe littafin, ki ba ni labarin a baki cikin jimla uku." A nan ake gane na ƙwarai. Ɗauki Alhaki Kuykuyo Ne ki gani: Rabi uwar 'ya'ya tara ce, mijinta ɗan kasuwa ya yi mata kishiya har ya kore ta daga gidan, dole ta kama sayar da abinci don ta riƙe yaranta. Shike nan, kin riga kin matsu ki ji yadda za a ƙare. Wannan taƙaitaccen bayanin ya amsa tambayoyi huɗu da nake yi wa kowane labari: labarin wace ce, me take so, me ya tare mata hanya, kuma me za ta rasa in ba ta samu ba?

Akwai wata 'yar aji biyar a sakandare da ta kawo mini labarin marainiya a hannun kishiyar uwa. Shafi talatin, yau an doke ta, gobe an hana ta abinci, jibi an tura ta talla, ita kuwa sai kuka. A ƙarshe wani mai kuɗi ya gan ta a bakin titi ya aure ta. Rubutun yarinyar da kyau, har hirar da ta sa wa kishiyar uwar sai ka rantse a gidanku ka taɓa jin ta, kuma da wannan na fara yaba mata. Sannan na ce, "To ita marainiyar nan, me take so?" Ta yi shiru, can ta ce, "So take ta rubuta jarrabawar fita." Na ce, "Wa ya hana ta?" Ta ce babanta ya ci bashin wani mutum, shi kuma ita yake so a ba shi. Na ce, "Yaushe ne ɗaurin auren?" Ta ce, "Ai sai in sa shi saura sati biyu jarrabawa!" Da bakinta ta faɗa, idonta har ƙyalli yake. Yanzu marainiya ta samu abin nema, ga rana tana matsowa, mai kallo ba zai iya tashi ba. Ban ƙara mata kalma ko ɗaya ba, tambaya kawai na yi.

Wannan ciwo na jaruma mai kuka ba ta taɓuka komai shi ya fi yawa. Na biyunsa shi ne warware matsala da sa'a, wato hatsarin mota ya zo ya kashe mugu, ko jaruma ta wayi gari ashe 'yar attajiri ce aka sace tun tana jaririya. Mun sha ganin haka a finafinan Indiya, amma mai kallo ya fi samun gamsuwa in jaruma ce ta fitar da kanta da dabararta ko da haƙurinta. Na uku, fim ba littafi ba ne. A littafi sai ki cika shafi biyar da abin da take saƙawa a zuci, kyamara kuwa ba ta ganin zuciya. In kina so mu san tana kishi, nuna mana ita ta zuba gishiri sau biyu a miya ranar da aka kawo lefen amarya. Na huɗu kuɗi ne. Kin sa jirgin sama, kin sa biki a Dubai, kin sa gobarar kasuwa, wa zai biya? Labarin da zai yiwu a gida biyu da makaranta ɗaya ya fi saurin samun mai ɗauka. Ki kuma sani masu fim suna lissafin shafi ɗaya na rubutun fim kamar minti ɗaya ne a kallo, kuma a Kano akwai Hukumar Tace Finafinai tun 2001, don haka furodusa yana karantawa yana tunanin abin da zai wuce.

Yanzu ke da ƙawarki ta ba ki nata ki duba, amana ce aka ɗora miki. Karanta har ƙarshe kafin ki ce uffan. Kada ki ce "wallahi ya yi daɗi" ki miƙa mata, wannan cuta ce, domin za ta kai shi inda ba a jin kunyarta. Kada kuma ki ce "wannan ai shirme ne," domin na san 'yan matan da kalma ɗaya irin wannan ta sa suka ajiye biro har yau. Faɗi takamaiman wurin da ya burge ki, sannan ki nuna inda kika ɓace ko kika ji barci, ki ce, "A nan ban gane dalilin da ya sa ta koma gidan ba." Gyara biyu ko uku manya sun isa, ki bar kuskuren rubutu sai daga baya. Kada ki ce "da ni ce da kaza zan yi," labarin ba naki ba ne. Kuma abin da kika karanta ya tsaya a cikinki, kada a ji shi a bakin 'yan ajinku.

Ke kuma mai labari, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. In ana yi miki gyara, riƙe biro ki rubuta, kada ki tsaya kare kanki, domin ranar da za a kalli fim ɗin ba kya wurin balle ki yi wa kowa bayani. Ba wa mutum uku su karanta, kowa daban. In mutum ɗaya ya yi ƙorafi a kan wani wuri, ƙila ra'ayinsa ne. In duk ukun suka yi tuntuɓe a wuri ɗaya, to akwai dutse a wurin. Su za su nuna miki inda yake, amma ke za ki san yadda za ki kawar da shi.

Sai gargaɗi na ƙarshe. Doka tana kare abin da kika rubuta ne, ba ta kare tunanin da kika faɗa a baki ba. Don haka rubuta labarinki cikakke, ki sa sunanki da kwanan wata, ki ajiye kwafi kafin ya bar hannunki. In za ki ga furodusa, ki tafi da sanin iyayenki, tare da yayanki ko wata babba, a ofis da rana tsaka. In an yi ciniki a rubuta a takarda, har da sharaɗin sa sunanki a fim ɗin. Duk wanda ya ce sai kin zo ke kaɗai, to ba labarin yake so ba.

Aikin gida kafin fitowa ta gaba: kowace ta taƙaita labarinta a jimla uku, ta karanta wa ƙawarta. In ƙawar ta ce "sai me ya faru?" to ki ci gaba da rubutu.