Yadda Ake Dasa Tsoro a Kan Tebur

A shekarar da nake rubuta kundin digirina na uku a Ingila, wani abokin karatu ya gayyace ni wasa a ɗakinsa da daddare. Na tarar da mutum biyar kewaye da tebur, a tsakiyarsu kuma hasumiyar Jenga, wato guntayen katako 54 da aka jera uku-uku. Sunan wasan Dread. Kowa ya ɗauki matsayin wani mutum na cikin labari yana magana da bakinsa, jagora kuma yana zayyana abin da ke faruwa: mota ta lalace a daji, dare ya yi, ga wani gida babu kowa. Duk sa'ad da mutuminka zai yi wani abu mai haɗari, sai ka zare katako ɗaya ka ɗora a sama. Da zarar hasumiyar ta rushe a hannunka, mutuminka ya fita daga labarin ke nan.

Da raini na zauna, ina ganin wasan yara ne. Kafin awa biyu, hannuna rawa yake yi.

Na daɗe ina tunanin dalilin haka. A Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974, ɗan ludo ake jefawa, cikin ƙiftawa an san sakamako, kuma jarumin ƙara ƙarfi yake yi kullum. Wanda ƙarfinsa ke ƙaruwa ba ya jin tsoro. A Dread kuwa, haɗarin taruwa yake yi a gaban idon kowa. Duk katakon da wani ya zare lafiya, ya bar wa na gaba hasumiya mafi rauni. Kana da damar ƙin zarewa, amma abin da mutuminka ya nufa ya faskara ke nan. Kana kuma iya ture hasumiyar da gangan, mutuminka ya yi nasara amma ya halaka. Wannan zaɓi, a ganina, shi ne zuciyar wasan.

Call of Cthulhu na Sandy Petersen, wanda ya fito a 1981 bisa labaran H. P. Lovecraft, hankali yake ƙirgawa. Ganin abin firgici yana rage makin hankalin mutuminka, kuma yawan sanin asirin halittun yana rage iyakar hankalin da zai iya riƙewa. (Mu da muka yi digiri na uku ba ma buƙatar a yi mana bayanin wannan doka.) Ten Candles na Stephen Dewey kuwa kyandir goma ake kunnawa, ana kashe su ɗaya bayan ɗaya, kuma tun farko kowa ya san babu wanda zai tsira.

Sai dai doka kaɗai ba ta isa ba, kuma ta hanyar kunya na koyi haka. Ranar da aka ba ni jagoranci, na siffanta dodon nawa tun daga ƙaho har farce, sai tebur ya fashe da dariya. Da na tuna kakata ban yi wannan kuskure ba. A tatsuniyoyinta ba ta taɓa tsayawa ƙirga haƙoran Dodo ba. Takunsa take kwaikwayo, ta rage murya, ta yi shiru har sai wani cikinmu ya matso jikinta. Mu muke ƙarasa siffarsa a zukatanmu, kowa da irin abin da ya fi tsoro.

Wani dare kuma jagora ya sako mutuwar jariri cikin labari, bai san wata daga cikinmu ba ta daɗe da rasa nata ba. Ta tashi ta fita, wasan ya watse. Irin wannan ne ya sa John Stavropoulos ya ƙirƙiro kati mai alamar X da ake ajiyewa a tsakiyar tebur: duk wanda labari ya taɓa masa ciwo na gaske sai ya taɓa katin, a sauya hanya ba tare da an tambaye shi dalili ba. Wasu na cewa yana rage armashi. Ni dai daga wannan daren ban ƙara gina hasumiya ba sai da katin a gefenta.