Ziyarar Bincike Tsakanin Jami'o'i da Sarrafa Ƙananan Tashoshin Lantarki

A ƙauyen da ke amfani da wutar sola, girgije ɗaya kan iya rage ƙarfin wutar cikin ɗan ƙanƙanen lokaci. Idan a daidai wannan lokacin mai injin niƙa ya tayar da injinsa, sai buƙata ta fi abin da ake samarwa. In ba a ɗauki mataki nan take ba, wuta za ta ɗauke wa kowa, har da firjin da ke ajiye allurar rigakafi a asibitin garin. Magance irin wannan matsala shi ne aikin masu binciken sarrafa ƙananan tashoshin lantarki, kuma aiki ne da ya sa masana ke yawan kai wa juna ziyara daga ƙasa zuwa ƙasa.

Mece ce ƙaramar tasha?

Ƙaramar tashar lantarki rukuni ne na farantan sola ko injinan iska, da batura, wani lokaci da janareta, waɗanda aka haɗa don ba wa unguwa ko ƙauye ko makaranta wuta. Tana iya jonuwa da babban layin ƙasa, tana kuma iya cin gashin kanta. Farfesa Robert Lasseter na Jami'ar Wisconsin a Amurka yana cikin waɗanda suka fayyace wannan tsari a shekarar 2002.

Wutar da ke shiga gidaje tana kai da komowa cikin waya sau 50 a kowace daƙiƙa a Nijeriya da Turai, sau 60 a Amurka. Wannan shi ne bugun wuta. Idan buƙata ta fi samarwa, bugun kan ragu. Idan samarwa ta fi buƙata, sai ya ƙaru. A manyan tashoshi irin su Kainji da Shiroro, nauyin injinan da ke juyawa kan hana bugun sauyawa farat ɗaya. Farantin sola kuwa ba shi da abin da ke juyawa. Don haka nauyin daidaita wuta ya rataya a wuyan inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir ko ta sola zuwa irin wadda gidaje ke amfani da ita.

Darasin tsibirin Kitnos

A shekarar 2001 aka kafa wata ƙaramar tasha a tsibirin Kitnos na ƙasar Girka, don ba wa gidaje 12 wuta a wani kwari da layin ƙasa bai kai ba. Masana daga Girka da Jamus ne suka yi aikin tare, da tallafin Tarayyar Turai. Dabarar da suka bi ita ce mayar da bugun wuta ya zama saƙo. Idan batura sun cika, sai inbatar batir ta ɗan ɗaga bugun, su kuma inbatocin sola su rage abin da suke turawa. Idan batura sun yi rauni, sai bugun ya ɗan sauka, a yanke wasu kayan wuta kafin komai ya tsaya. Kamar dai manoman gayya ne da ke bin kiɗan ganga: kowa yana jin kiɗan, ba sai an bi shi an gaya masa abin da zai yi ba.

A shekarar 2011 Farfesa Josep Guerrero da abokan aikinsa suka wallafa wani bincike da ya kasa aikin sarrafawa hawa uku. Hawa na farko shi ne raba nauyi tsakanin inbatoci cikin gaggawa, kowace gwargwadon ƙarfinta. Na biyu shi ne mayar da bugu da ƙarfin wuta daidai inda ya kamata bayan sun ɗan kauce. Na uku shi ne tsara yawan wutar da za a karɓa daga babban layi ko a tura masa. A wannan shekarar ce Guerrero, wanda ya yi karatu a Barselona ta ƙasar Sifen, ya zama farfesa a Jami'ar Aalborg da ke Denmak, inda ɗakin gwajin ƙananan tashoshi ya riƙa karɓar baƙin masu bincike daga ƙasashe da dama.

Me ya sa sai an yi tattaki?

Tsarin sarrafawa kan yi kyau a kwamfuta, amma ya gaza da zarar an jona shi da na'ura ta gaske, saboda jinkirin saƙo ko kuskuren ma'auni. Gwada sabon tsari a kan wutar jama'a kuma ganganci ne. Saboda haka manyan ɗakunan gwaji suna da kwamfutoci masu kwaikwayon layin wuta daƙiƙa bayan daƙiƙa, a jona musu na'urar gaske a ga halinta ba tare da an ƙona komai ba. Irin waɗannan kayan aiki suna da tsada, ba kowace jami'a ke da su ba. Wannan ne ya sa shirin ERIGrid na Tarayyar Turai, daga 2015 zuwa 2020, ya buɗe wa masu bincike ƙofar ɗakunan gwaji na wasu cibiyoyi kyauta.

Amfanin ziyarar bai tsaya ga baƙo kaɗai ba. Malamin da ya fito daga Sakkwato ko Yamai yana ɗauke da sanin da mai masaukinsa ba shi da shi: yadda ƙurar hunturu ke rage ƙarfin farantai, yadda zafi ke gajarta rayuwar batir, da yadda injin niƙa ko na ban-ruwa ke fizgar wuta lokacin tayarwa. Tsarin da bai yi la'akari da waɗannan ba zai iya gazawa a ƙauyen da aka kai shi. Tun da hukumar kula da lantarki ta Nijeriya ta fitar da ƙa'idojin ƙananan tashoshi na 2016, buƙatar injiniyoyin da suka san ɓangarorin biyu ta ƙaru.

Ɗalibin sakandare da ke sha'awar wannan fanni zai fara ne daga darussan da ke gabansa: dokar Ohm, bambancin wutar batir da wutar gida, da lissafin aljabara. Malamai kuma za su iya nuna wa ɗalibai tushen al'amarin da ƙaramin faranti da ƙwan fitila da mita, a rufe rabin farantin da kwali, a sa su rubuta abin da mitar ta nuna kafin rufewa da bayanta.