Bayan An Sauke Bashin Mamaci

A ƙasar Hausa da wuya mutuwar maigida ta zo ita kaɗai. Galibi jinya ce ke yi mata jagora, jinya kuwa a Najeriya daga aljihu ake biyanta. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun daɗe suna nuna cewa fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar nan daga hannun marasa lafiya da iyalansu yake fitowa. Gidan da aka yi wata shida ana kai mutum wankin ƙoda sau biyu a mako, kafin rai ya yi halinsa an sayar da fili, an jinginar da gona, an roƙi uwar adashi ta ba da kwasa tun zagaye bai zo ba, mai kantin magani na unguwa kuma ya buɗe wa gidan shafi a littafinsa. Idan aka dawo daga maƙabarta, shari'a ba ta bar wa magada zaɓi ba. Tsarin da ɗalibai ke karantawa a Risala a zaurukanmu shi ne a fara da likkafani da hidimar binnewa, sai bashi, sai wasiyya, sannan gado. Shi ya sa liman ke juyowa kafin a yi sallar gawa ya ce duk mai bin marigayi bashi ya ga wane. Mutanenmu, a yaba musu, suna ɗaukar wannan da gaske. Za ka ga babban ɗa ya shekara biyu yana yankar rabin albashinsa, ko uwar marayu ta sayar da ɗan kunnenta na gwal, don dai a sauke wa mamaci nauyi.

Abin da ba a cika magana a kansa ba shi ne abin da ke biyo bayan ranar da aka kai ragowar kuɗin ƙarshe. Kowa na ɗaukar ranar a matsayin ƙarshen wahala, alhali a ganina ita ce ranar da gidan ya fi kusa da sake faɗawa. Dalili kuwa a fili yake: an fita daga bashi da hannu biyu babu komai. Filin da zai zama madogara ya tafi, jarin ya tafi, mai nemowa ya tafi. Akwai wani bincike da masana tattalin arziki uku, Dean Karlan da Sendhil Mullainathan da Benjamin Roth, suka wallafa a 2019. Sun je wurin ƙananan 'yan kasuwa a Indiya da Filifin waɗanda ke cin bashi mai tsananin ruwa a hannun masu ba da rance, suka biya musu bashin kaf. Cikin mako shida mafi yawansu sun koma cin bashi, bayan shekara ɗaya zuwa biyu kuwa ba a iya bambance su da waɗanda ba a biya wa komai ba. Mutanen nan ba ragwaye ba ne, kullum suna kasuwa. Wanda ba shi da abin da ya ajiye a gefe, zazzaɓin yaro ɗaya ko rushewar katanga a damina ya isa ya mayar da shi ƙofar mai rance. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma an fi faɗar haka don rarrashi. Sai dai gidan da aka yi wa rasuwa ba shi da ƙarfin sake ɗaukarsa karo na biyu, domin abin da aka sayar aka biya na farko babu shi yanzu.

Sannan ga baƙin ciki, wanda ke taɓa lissafin mutum ba tare da ya sani ba. Jennifer Lerner da abokan aikinta a Amurka sun gwada haka a 2004: suka nuna wa wasu mutane fim mai sa tausayi da ƙunci, wasu kuma fim da ba ya motsa zuciya, sannan aka sa kowa ya yi wa kaya iri ɗaya farashi. Waɗanda aka sa su ƙunci sun yarda su biya fiye da sauran. Wani bincikenta da ya biyo baya ya ƙara nuna cewa mai baƙin ciki ya fi son karɓar kaɗan yanzu a kan jiran mai yawa nan gaba. Idan ƙuncin fim na 'yan mintuna ya yi wannan, ina ga wanda ya binne abokin zama na shekara ashirin? A gidajenmu abin ba ya fitowa da sunan almubazzaranci, da sunan tausayi yake fitowa. Uwa ta ga yara sun yi shekara biyu babu kayan Sallah, sai ta ce bana kam ba za a gane marayu ba ne, ta ɗinka musu kala uku-uku. Ɗa ya ga mahaifiyarsa ta rame, sai ya canza mata kujerun ɗaki don kada ta riƙa tuna baban. Wata kuma da ta gama takaba, zaman ɗaki ya ishe ta, sai ka gan ta a kowane biki da ankonta da gudummawarta. Babu wanda zai zargi zuciyar da ta yi waɗannan. Amma kuɗin da ya tafi a kansu shi ne za a nema a rasa ranar da makaranta ta koro yaro.

Shawarar da nake karewa a nan ba ta da wuyar faɗa. Gidan da ya saba fitar da naira dubu talatin duk wata yana kai wa masu bashi ya riga ya koyi rayuwa ba tare da dubu talatin ɗin nan ba. An san yadda ake auna tiya ta kai mako, an san miyar da ba ta buƙatar nama kullum, yara sun daina tambayar wasu abubuwa. Wannan sabo da wahala aka same shi, kuma cikin wata biyu na sakin hannu zai ɓace. Don haka a ci gaba da cire kuɗin nan a ranar da aka saba cire shi, kamar mai bashin yana nan tsaye a ƙofa, a yi haka aƙalla shekara guda, har a tara abin da zai ciyar da gidan wata uku ko da babu ko sisi da ya shigo. Idan duka ya yi nauyi, a cire kashi biyu cikin uku, ragowar a ƙara wa tukunya.

Mai ƙin wannan shawara zai fara da tsadar rayuwa, kuma yana da hujja. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 1,000 a ƙarshen 2024, kuma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ya kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar shekarar. A irin wannan yanayi, kuɗin da aka dunƙule a asusu ya shekara yana rasa kusan rubu'in abin da zai iya saya. To me ya sa za a hana yara nama yau don a ajiye takardar da ke narkewa? Amsa ita ce tanadi bai taɓa zama naira kaɗai ba a ƙasar nan. Buhun gero ko masara da aka saya da kaka don cin gida, ba don a jira tashin farashi a sayar ba, tanadi ne. Kuɗin makaranta da aka biya na zango biyu a gaba tanadi ne. Akuya biyu a bayan gida tanadi ne, haka shiga tsarin taimakekeniyar lafiya irin wanda jihar Kano da wasu jihohi suka kafa, tunda jinya ce ta kawo bashin tun farko. Ɗan abin da za a bari a tsabar kuɗi kuwa ba riba ake nema da shi ba. Ko ya rasa rubu'insa, asarar ba ta kai ta wanda ya tashi tsakar dare da yaro ba lafiya ya danna manhajar rance a waya ba, irin waɗanda ke ɗora ruwa mako-mako, in an makara kuma su aika wa duk lambobin da ke wayarka saƙon cin mutunci.

Ƙorafi na biyu ya fi shiga rai, domin ya shafi mamacin kansa. Za a ce: yanzu da aka samu sarari, ba lokacin da za a yi masa sadaka ta sosai ba ne, tunda lokacin arba'in ba a yi abin kirki ba? Malamai sun daɗe suna saɓani a kan sadakar uku da bakwai da arba'in da ta shekara, kuma ba wannan muhawarar na zo rabawa ba. Amma ko masu ganin halascinta ba su ce a kafa rumfa, a ɗauko hayar kujeru ɗari biyu, a dafa buhun shinkafa da kuɗin marayu ba. Abin da aka ruwaito lokacin da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada a yaƙin Mu'uta, a shekara ta 8 bayan hijira, shi ne Annabi (SAW) ya umarci a dafa abinci a kai wa iyalinsa, saboda abin da ya same su ya shagaltar da su. Mu kuwa mun juya abin: gidan da aka yi wa rasuwa shi ke ciyar da gari. Mafi yawan wannan hidima, in za a faɗi gaskiya, tsoron bakin mutane ne ke sa ta, kada a ce 'ya'yan Alhaji sun manta da shi. Wanda ya biya wa mahaifinsa bashi har sisin ƙarshe ya riga ya yi masa abin da ya fi kowace rumfa. Addu'a ba ta cin kuɗi, kuma kwanon tuwo da ake miƙa wa almajiri kullum da niyyar ladan ya kai gare shi ba zai karya gida ba.

Sai masu cewa tsimi rashin tawakkali ne, wanda ya ba da jiya shi zai ba da gobe. Wannan magana tana da daɗin ji, amma tarihin magabata bai goyi bayanta ba. Ya tabbata cewa Annabi (SAW) yakan keɓe wa iyalinsa abincin shekara. Ya hana Sa'ad ɗan Abu Waƙƙas yin wasiyya da fiye da sulusin dukiyarsa, da hujjar cewa barin magada cikin wadata ya fi barinsu suna roƙon mutane. Misalin da ya fi kusa da zancenmu kuwa shi ne na Jabir ɗan Abdullahi. Mahaifinsa ya yi shahada a Uhudu a shekara ta 3, ya bar masa bashi mai yawa da 'yan'uwa mata bakwai ko tara, gwargwadon saɓanin ruwaya. An biya bashin da dabinon gonarsu. Da ya tashi aure yana saurayi, sai ya auri bazawara, kuma da aka tambaye shi dalili ya ce yana son wadda za ta iya kula da 'yan'uwan nasa, ba yarinya sa'arsu ba. Wato ko a abin da ya fi kusa da zuciyar matashi, Jabir ya auna son ransa da halin da gidansu ke ciki, kuma ba a kira wannan rashin tawakkali ba, addu'a aka yi masa.

Akwai kuma wani tsimin da ba shi nake nufi ba, wanda ya kamata dangi su sa wa ido. Wani baƙin cikin maimakon ya buɗe hannu sai ya ƙulle shi. Mace ta daina shan maganin hawan jininta wai ya yi tsada, ta koma cin abinci sau ɗaya, ta ƙi kunna fanka, ta daina zuwa gidan kowa don kada ta biya kuɗin mota. Idan ka tona za ka tarar ba lissafi ba ne, zargin kai ne: da an kai shi asibiti da wuri, da an sayar da gidan tun farko, ta yaya zan ji daɗi shi yana ƙasa? Wannan horon kai ne, kuma yana ƙarewa ne a gadon asibiti, wato a sabon bashi. Magani, da abinci mai gina jiki, da karatun yara, da kuɗin motar zuwa wurin 'yar'uwar da ake samun sauƙin zuciya in an zauna da ita, ba sa cikin abin da ake yankewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa baƙin cikin da ya wuce wata shida yana hana mutum gudanar da rayuwarsa cikin jerin cututtukan da ake dubawa. Wanda ya kai nan, a haɗa masa da likita ban da nasiha. Akwai asibitocin da ke wannan aiki a Dawanau da Barnawa da Kware, kuma zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace.

Inda hatsarin ya fi girma shi ne idan wani dunƙulallen kuɗi ya faɗo bayan an gama da bashi: tumunin matar, ko rabon gado, ko haƙƙin ma'aikaci. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata yi musu inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na abin da suke samu a shekara ba, kuma iyalai da dama ba su ma san da wannan haƙƙi ba balle su nema. Da zarar an ji kuɗi ya shigo, masu shawara sai su yawaita. Wannan ƙanin miji ne da zai juya shi a kasuwa, wancan ɗan unguwa ne da ya san wata harka ta intanet mai ninka kuɗi cikin wata guda. Mun ga yadda irin wannan harka ta MMM ta tsaya a ƙarshen 2016, mun ga ta CBEX a Afrilun 2025, kuma a cikin kuɗin da ke nutsewa a irin waɗannan ramuka ba a rasa na zawarawa. Shari'a ta ba matar da mijinta ya rasu wata huɗu da kwana goma ba a ɗaura mata wani aure ba. Da za a ara wannan hikima a ce kuɗin ma ya yi nasa zaman, kada a sayar da gida, kada a ba kowa jari, kada a sa hannu a wata takarda sai an shekara, da an rage yawan ƙararrakin gado da ke gaban kotunan shari'a. Rabon marayu kuwa amana ne. A rubuta shi, a sa shaidu, ko da wanda zai riƙe baffansu ne uwa ɗaya uba ɗaya da marigayi.

Duk wannan ya shafi gidan da ke da ɗan abin shiga. Akwai gidajen da bayan an biya bashi babu wani dubu talatin da zai saura, domin da sayar da kadara aka biya, ba da albashi ba, kuma uwar marayu da dakan tsaki ko wankau take ciyar da su. Yi wa irin wannan mace wa'azin tattali rashin kunya ne. Ita zakka take buƙata, da ɗan jari, da dangin miji da za su ɗauki kuɗin makarantar yaro ɗaya ko biyu su riƙa biya kai tsaye ga makarantar, zango bayan zango. 'Yan ta'aziyya sukan cika gida a kwana ukun farko, lokacin da abinci ya fi yawa, su ɗauke ƙafa bayan arba'in. Buƙatar kuwa sai a wata na takwas ko na goma take tsananta, lokacin da hatsin da aka kawo ya ƙare kuma mai gidan haya ya fara aiko yaro.