Kula da Batirin Injin Kwale-kwale

Malam manomi, in kana fita kamun kifi da ƙaramin injin lantarki, kada ka ɗauko batirin mota. An yi shi ne don tayar da inji na 'yan daƙiƙu, in ana zuƙe shi kullum ba ya daɗewa. Nemi irin wanda ake haɗawa da sola.

Inji mai bolt 12, batir ɗaya ya isa. Mai bolt 24 kuwa sai biyu iri ɗaya, waɗanda aka saya tare. Haɗa jan kan na farko da baƙin kan na biyu, sauran kawuna biyun su tafi inji. Sa fiyus kusa da jan kan da ya tafi inji.

Kada ka bari caji ya sauka ƙasa da rabi. Da ka dawo gaɓa, sa shi caji ran nan. Batirin da ake bari a zuƙe, farantansa kan yi gishiri, ya daina riƙe wuta. In ruwansa ya ragu, ƙara ruwan batir kawai, ban da na rijiya. Lokacin caji yana fitar da iska mai kama wuta, don haka a yi shi a sarari, nesa da murhu da masu shan taba.