DALILIN DA YA SA NAS TAKAN KOMA MAKARANTA

Sau da yawa mutum yakan zo ɗakin shan magani ya nemi nas ɗin da ya saba da ita, a ce masa ta tafi kwas. Sai ya yi tsaki ya ce, "Wadda ta gama makaranta tun tuni, wane karatu kuma?" To, ku saurara ku ji.

Karatun farko na nas shekara 3 ne ko 4, a makaranta irin ta Gusau. In ta ci jarrabawa, sai Hukumar Nas-nas da Ungozomomi ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1979, ta ba ta lasin. Wannan karatu na gama-gari ne, watau allura, da wankin miki, da lura da majiyyaci. Amma ciwon ido, da karaya, da taɓin hankali, da haihuwa mai gardama, kowanne da makarantarsa. Mai son aikin ido takan tafi Asibitin Ido na Ƙasa a Kaduna. Aikin ƙashi a Dala ta Kano ake koyonsa, na taɓin hankali kuwa a Kware, kusa da Sakkwato. Galibi shekara 1 ne zuwa wata 18. Nas mai son ƙara ungozomanci wata 18 takan yi.

Akwai kuma hanyar digiri. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Karatu Daga Gida sun shirya yadda nas za ta yi karatu tana bakin aikinta, darasi na zuwa mata ta waya ko kwamfuta. Wannan sauƙi ne babba ga mai 'ya'ya. Amma fa ku sani, ko ta wace hanya ta bi, tilas ne ta je babban asibiti ta yi aikin hannu a gaban waɗanda suka fi ta sani, suna dubawa suna sa hannu a littafinta.

Me ya sa? Ga misali. Mace ta haihu, jini ya ɓalle. In ya wuce rabin lita akwai haɗari, yana kuma iya kashe ta cikin awa 2. Ungozoma za ta dafa marar, ta ji ko mahaifa ta dunƙule ta yi tauri ko tana nan laɓo-laɓo. In da laushi, sai ta murza, ta yi allurar da ke ƙulle mahaifa, ta ɗaura ruwa, ta kuma san lokacin da za a nemi mota zuwa Gusau ba jinkiri. Littafi yakan faɗi duk wannan, amma hannu ba ya gane tauri da laushi sai ya dafa mata da yawa. A ganina, wata 1 a ɗakin haihuwa mai cunkoso ya fi wata 6 na karatu a gida.

Ku magidanta da matanku ke aikin jinya, in dama ta samu ku bar su su tafi. Kun dai san matanmu sun fi sakin jiki da mace 'yar'uwarsu. Wadda ta tafi da iznin hukuma takan sa hannu cewa za ta komo ta yi aiki.

Kafin ta komo kada ku yanke zuwa awo da rigakafi. Malaman lafiya, irin waɗanda ake koyarwa a kwalejin Tsafe, suna nan, abin da ya fi ƙarfinsu za su tura ku asibitin tarayya ko na Yariman Bakura a Gusau. In kuwa baƙo ya sauka garinku da allura a jaka yana cewa ya yi kwas, ku ce ya nuna wa mai kula da ɗakin shan magani lasinsa tukuna.